Yadda Ake Karanta Lambobin Matsala da Gano Satar Iska a Tsohuwar Mota Mai Turbo

Idan fitilar inji ta kama a dashbod, abin da yawancin masu mota suke yi shi ne su sa a jona na'ura a karanta lambar matsala, daga nan su nufi sayen duk abin da lambar ta ambata. Idan ta ambaci sensa sai a sayo sensa, idan ta ambaci turbo sai hankali ya tashi a fara lissafin sabon turbo, kuma sau da yawa ba a yin mako guda fitilar take sake kamawa. Dalili kuwa shi ne lambar tana nuna wurin da kwamfutar inji ta ga abin da bai yi mata daidai ba, amma ba ta san abin da ya haddasa shi ba. Sensa mai ba da shaida ne kawai, kuma wanda ya canza shi saboda ya kawo mummunan labari ya bar jaki yana dukan taiki. A motar da ta haura shekara 15 ko 20, musamman mai turbo wadda zafin cikin bonet ɗinta ya fi na sauran motoci, abin da ya fi saurin mutuwa shi ne roba: ƙananan tiyo, zoben roba, gaskit da bawul ɗin leda. Saboda haka wannan jagora zai fi tsayawa a kan yadda za ka bambance tsagewar tiyo da mutuwar sensa tun kafin ka sayi komai.

Abin da lambar take faɗa

Motocin da aka sayar a Amurka daga samfurin 1996 duk suna da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, a Turai kuma an wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Wurin jona na'urar soket ne mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. Ƙaramar na'ura mai ɗauke da guntun lantarki mai suna ELM327 wadda ake haɗawa da waya ta isa yawancin aikin da za a yi bayani a nan, muddin tana nuna bayanan inji kai tsaye yayin da yake aiki. Wadda lamba kaɗai take karantawa rabin aiki za ta yi maka. Motocin da suka girmi wannan tsari kowane kamfani da hanyarsa; tsofaffin Volvo na farkon shekarun 1990, alal misali, suna da ɗan akwati a cikin bonet mai ƙaramar fitila da ake ƙirga ƙiftawarta a fitar da lamba.

Lambar tana farawa da harafi. P na inji ne da giya, kuma shi ne ya shafe mu. Idan sifiri ya biyo bayansa, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne ya biyo, to ta kamfanin ce, sai an nemi fassararta a littafin gyaran wannan motar, domin P1 ɗin wani kamfani yana iya nufin wani abu dabam a wani. Volkswagen da Audi ma suna da nasu lambobin masu alƙaluma biyar, inda 16555 take daidai da P0171, 17705 kuma take nufin matsin iska ya faɗi tsakanin turbo da maƙogwaron totur, wato ƙofar da totur ke buɗewa iska ta shiga inji.

Lambobin da za ka fi cin karo da su idan iska ce matsalar ba su da yawa. P0171 na cewa iska ta rinjayi mai a layin silinda na farko, P0174 kuma a layi na biyu idan injin mai layi biyu ne. P0172 akasin haka ne, wato mai ya yi yawa. P0101 na cewa abin da sensan auna iska yake faɗa bai dace da juyin inji da buɗewar totur ba, P0507 na cewa silo, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba, ya hau sama da yadda aka tsara, P0300 na nufin silinda suna kasa kama wuta nan da can ba tare da tsari ba, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna wane silinda ne takamaimai. A ɓangaren turbo, P0299 matsi ne ya gaza, P0234 kuma matsi ne ya wuce iyaka. Abin lura shi ne tsagewar tiyo guda ɗaya tana iya haifar da uku ko huɗu daga cikinsu a lokaci ɗaya, don haka idan ka ga lambobi sun taru kada ka ɗauka abubuwa huɗu ne suka lalace. Ka fara tambayar kanka wane abu ɗaya ne zai iya jawo su duka.

Kada ka yi gaggawar gogewa. Lokacin da kwamfuta ta ajiye lamba, tana ajiye hoton halin da inji yake ciki a wannan daƙiƙar: juyin inji, zafin ruwa, gudun mota, nauyin da ke kan inji da yawan man da take ƙarawa. Wannan hoton ya fi lambar kanta amfani. P0171 da ta faɗo inji yana juyi 800 a minti mota tana tsaye labarinta dabam ne da P0171 da ta faɗo a juyi 3,500 ana hawan tudu. Goge lamba yana share hoton, kuma a motoci da yawa yana share abin da kwamfuta ta koya game da mai, wanda shi ne babbar shaidarka. Ka rubuta komai a takarda tukuna, har da lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda kwamfuta ta gani sau ɗaya amma ba ta kunna fitila a kansu ba sai ta sake ganinsu a wata tafiyar. Idan kuwa fitilar ƙiftawa take yi maimakon ta tsaya cak, ka sassauta ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur ne yake wucewa cikin salansa, kuma zai iya narkar da matatar hayaƙi cikin ɗan lokaci.

Rami ɗaya, alamomi biyu

A nan ne motar turbo ta bambanta da sauran, kuma wanda bai fahimci wannan ba zai daɗe yana lalube. A motar da ba ta da turbo, duk wani rami bayan sensan auna iska shigar da iska yake yi. A mai turbo kuwa, hanyar iska ta kasu gida uku, kowanne da halinsa.

Gida na farko daga sensan auna iska ne zuwa bakin turbo. Nan kullum zuƙa ake yi, kuma zuƙar tana ƙaruwa idan turbo ya ɗauki gudu, saboda haka tsagewa a babban tiyon nan mai lanƙwasa-lanƙwasa tana shigar da iskar da sensa bai ƙirga ba, sai mai ya gaza. Gida na biyu daga mafitar turbo ne, ta cikin intakula, wato abin sanyaya iskar nan mai kama da lagireto, zuwa maƙogwaron totur. A silo, lokacin da inji yake aiki ba a taka totur ba, matsin da ke cikinsa kusan daidai yake da na waje, don haka rami a nan ba ya nuna komai mota tana tsaye. Amma da zarar turbo ya cika shi da matsi, iskar da aka riga aka auna aka zuba mata mai sai ta tsere waje, mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fito, ƙarfi ya ragu, a ji wani huci kamar na tayar da ta sace. Gida na uku shi ne manifol ɗin shan iska, wato bututun da ke raba iska ga silinda bayan maƙogwaron totur, da duk ƙananan tiyon da suka rataya a jikinsa. Shi ne mai fuska biyu, domin a silo zuƙa yake yi sosai, ramin ya sato iska daga waje, idan kuma an taka mota matsi ya cika shi, wannan ramin dai ya koma fitar da iska. Mota ɗaya tana iya ba ka P0171 da safe a cikin cunkoso, ta ba ka P0299 da yamma a babban titi, alhali ɗan tiyo ɗaya ne da bai kai kaurin yatsa ba.

Akwai togaciya guda. Wasu motocin ba su da sensan auna iska a bakin hanya, da sensan matsin manifol suke lissafin mai. A irinsu, iskar sata tana ɗaga matsin manifol, sensa ya gani, kwamfuta ta ƙara mai daidai da ita, don haka ba lallai ka ga P0171 ba. Abin da za ka gani shi ne silo ya hau ko yana hawa yana sauka. Ka tabbatar da irin tsarin motarka kafin ka ci gaba.

Karanta gyaran mai

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Sensan iskar oksijin da ke kan bututun hayaƙi yana gaya wa kwamfuta ko an dace, ita kuma tana ƙara mai ko ta rage. Wannan ƙari da ragi shi ne gyaran mai, kuma na'ura tana nuna shi gida biyu. STFT shi ne na nan take, wanda ke rawa sama da ƙasa kowace daƙiƙa, LTFT kuma shi ne na dogon lokaci, wato abin da kwamfuta ta koya ta riƙe. Ka haɗa su biyun ka sami jimla. Lafiyayyen inji yana zama tsakanin ragin kashi 5 da ƙarin kashi 5 cikin 100. Idan jimlar ta wuce 10 akwai abin dubawa, kuma a motoci da yawa fitila ba ta kamawa sai an doshi 20 ko 25, wanda ke nufin mota tana iya daɗewa da ciwo kafin ta yi ƙorafi.

Gwajin da ya fi kowanne arha kuma ya fi faɗin gaskiya shi ne wannan. Ka bar inji ya yi zafi sosai, ruwa ya kai wajen digiri 90, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki da fitilu, ka rubuta jimlar gyaran mai a silo. Sannan ka ɗaga juyi zuwa 2,500 ka riƙe shi kamar minti ɗaya, ka sake rubutawa. Idan a silo ƙarin ya kai 18 amma a 2,500 ya sauko zuwa 4 ko 5, kusan babu shakka satar iska ce bayan maƙogwaron totur. Hikimar a fili take: a silo iskar da inji ke sha kaɗan ce ƙwarai, injin lita 2 bai fi giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa ba, don haka 'yar iskar da ramin ya sato babban kaso ce, da juyi ya hau sai ta nutse cikin yawan iskar halal. Idan kuwa lamarin ya juya, silo lafiya lau amma ƙarin yana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, to ka bar neman rami a manifol, ka koma kan famfon mai da ya raunana, filtar mai da ta toshe, sensan auna iska da ya yi datti yana rage ƙirga, ko tsagewa a gida na farko da ba ta buɗewa sai inji ya motsa. Idan kuma a tafiya ka ga kwamfuta tana rage mai sosai duk lokacin da turbo ya fara cika, ga kuma matsin da aka samu bai kai wanda kwamfuta ta nema ba, gida na biyu ne yake zubar da iska. Wannan gwajin na kan hanya mutum biyu yake bukata, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya kalli na'ura, ko kuma ka sa wayar ta naɗi bayanan ka duba bayan ka tsaya. Ka kuma sani cewa idan aka take totur har ƙasa kwamfuta tana daina sauraron sensan oksijin a yawancin tsofaffin motoci, saboda haka matsakaicin taki ne zai nuna maka abin da kake nema.

Gejin zuƙa na hannu ma yana da amfani, ko da yake mutane sun yi watsi da shi. Lafiyayyen inji mai zafi yana nuna inci 17 zuwa 21 na zaiba a silo idan ana kusa da matakin teku, allurar kuma a tsaye cak, kuma ana rage kusan inci 1 ga kowace mita 300 ta tsayin ƙasa. A na'ura, wannan yana daidai da wajen kilofaskal 30 zuwa 44 a sensan matsin manifol. Kafin ka tayar da inji, ka murɗa makulli kawai ka ga ko sensan yana nuna matsin sararin waje, wajen 100 a ƙasa mai kwari. Idan tun a nan ya kauce, shi kansa abin zargi ne.

Neman ramin

Ka fara da ido da hannu, inji a kashe kuma a sanyaye. Yawancin motoci suna da zanen hanyoyin tiyo manne a cikin bonet, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsaya ga kallo, domin tsohuwar roba tana tsagewa ne ta ƙasa ko daidai bakin da ta shiga ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. Ka lanƙwasa kowane tiyo ka murza shi. Wanda ya ƙandare kamar itace da wanda ya yi laushi ya kumbura saboda baƙin mai duk sun gama aiki. Tiyon da aka naɗe da zare ya fi kowanne yaudara, domin zaren yana nan da kyansa alhali robar ciki ta ruɓe. A manyan bututun matsi, ka nemi wurin da baƙin mai ya jiƙa ƙura ta manne, saboda iskar turbo kullum tana ɗauke da ɗan tururin mai, kuma duk inda take fita sai ta bar tabo. Ka duba kilif ɗin kowace mahaɗa, ka duba gefunan intakula inda leda ta haɗu da alminiyom, da ƙasansa inda duwatsun hanya ke bugu.

Daga nan ka tayar da inji ka saurara. Ɗan guntun tiyo, ƙarshe ɗaya a kunne ɗaya kana yawo da shi, yana kai ka ga shewar iska fiye da yadda za ka zata, amma ka kiyayi fanka da bel, ka kuma cire duk abin da ke lilo a jikinka. Hanya mafi tsafta ita ce matsewa: kana kallon STFT a na'ura, ka matse kowane tiyon da ya fito daga manifol da filaya mai santsin baki na 'yan daƙiƙu. Wanda ka matse ƙarin man ya faɗo nan take, ɓarnar tana can ƙarshensa. Da haka ake kama abubuwan da ba su da rami a waje sam. Tulun birki, wato baƙin gangan nan da ke bayan fedar birki, idan robar cikinsa ta yage yana shan iska ta cikin mota, feda ta yi tauri, silo ya canza duk lokacin da aka taka birki. Bawul ɗin da ke sakin tururin tankin mai idan ya maƙale a buɗe shi ma rami ne, kuma alamarsa ita ce mota ta yi wuyar tashi bayan an sha mai. Bututun ƙarfe ko na leda mai tauri ba a matse shi, sai dai a cire a toshe bakin manifol ɗin da yatsa ko murfin roba.

Numfashin cikin inji ya cancanci a tsaya a kansa, domin a tsofaffin motocin turbo shi ne ya fi yawan laifi kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Hayaƙin da ke sulalewa ta gefen fistin zuwa wurin baƙin mai dole a zuƙe shi. A silo manifol ne ke zuƙarsa, idan matsi ya zo kuma bakin turbo ne ke karɓar aikin, kuma tsakaninsu akwai bawul mai hanya ɗaya da ke hana matsin turbo komawa cikin inji. Idan robar wannan tsarin ta yage, manifol zai riƙa zuƙar cikin inji ba iyaka: murfin zuba baƙin mai ya yi wuyar buɗewa inji yana aiki, wani lokaci a ji fito daga bayan inji inda iska ke kutsawa ta sil. Idan kuma toshewa ya yi, ko bawul ɗin ya daina riƙewa, matsi zai taru ya tura mai waje ta kowane sil, har sandar auna mai ta riƙa ɗagowa da kanta. Masu tsofaffin Volvo suna da wata dabara mai sauƙi, su cire murfin zuba baƙin mai inji yana silo su ɗaura safar hannu ta roba a bakin. Idan ta ɗan tsotsu ciki lafiya, idan ta kumbura ta miƙe tsarin ya toshe. Duk wani ƙaramin bawul mai hanya ɗaya da ka samu a kan tiyo, ka cire shi ka gwada da ɗan famfon hannu, ya kamata iska ta wuce ta gefe ɗaya ta ƙi wucewa ta ɗayan. Ko zoben robar sandar auna mai da na murfin zuba mai suna iya zama hanyar sata.

Fesa ruwan wanke kafireto a kan mahaɗai tsohuwar hanya ce kuma tana aiki, amma ni ba na son ta a motar turbo, domin gidan turbo da manifol ɗin hayaƙi suna yin zafin da zai iya kunna shi. Wanda ya ga dole sai ya yi, to ya yi inji bai gama zafi ba, a fili, da abin kashe wuta a kusa, kuma ya kalli STFT maimakon ya jira jin canjin sauti, saboda kwamfuta tana daidaita silo da sauri har kunne ba zai kama ba. Idan feshin ya shiga ramin, za ka ga STFT ya faɗo ƙasa nan take. Ruwa zalla a kwalbar feshi ya fi aminci, inji zai ɗan yi tuntuɓe idan ya zuƙe shi. Wannan ya fi amfani ga gaskit ɗin manifol da zoben robar nozul, waɗanda sukan yi sata da sanyin safiya su rufe idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. Idan akwai injin hayaƙi na gwaji, ya fi duk waɗannan: a kashe mota, a toshe bakin shan iska, a tura hayaƙi ciki, a haska fitila a ga inda yake fitowa.

Sai dai hayaƙin gwaji matsinsa kaɗan ne, kuma akwai tsagewar da ba ta buɗe baki sai matsi ya yi ƙarfi. Don haka ake yin gwajin matsi. Ka cire sensan auna iska ka ajiye shi gefe, ka toshe tiyon da ke shiga turbo da murfi mai bawul irin na taya, ka ɗaure shi da kilif sosai. Ka toshe tiyon numfashin inji da ke haɗuwa da wannan hanya, ka kuma buɗe murfin baƙin mai domin kada matsi ya taru a ciki ya ture sil. Ka tura iska ta hanyar abin daidaita matsi, ka fara da psi 5, ka hau a hankali zuwa 10, kuma kada ka taɓa wuce matsin da motar ke yi da kanta. A tuna bar 1 daidai yake da psi 14.5. Kada ka tsaya a saitin murfin da ka toshe tiyon da shi, domin idan ya kuɓuce da ƙarfi yake fita. Matsin zai riƙa sauka sannu a hankali ko da babu rami, saboda wasu bawul ɗin silinda a buɗe suke, wannan ba laifi ba ne. Abin da kake nema shi ne huci, kuma ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa zai nuna maka shi da kumfa.

Ƙananan tiyon da ke sarrafa turbo

A yawancin tsofaffin motocin fetur, ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga turbo a rufe take da ƙarfin sifirin, matsin turbo ne ke bi ta wani ɗan tiyo ya buɗe ta, kuma wani bawul na lantarki, wanda a Volkswagen da Audi ake kira N75, shi ke rage ko ƙara matsin da ke isa gare ta. Idan wannan ɗan tiyon ya fashe ko ya cire, ƙofar ba za ta buɗe ba, matsi ya wuce iyaka, P0234 ta fito, kwamfuta ta yanke ƙarfi don ta ceci inji. Kada ka ci gaba da taka irin wannan motar kana jin daɗin sabon ƙarfin da ta yi. Idan kuma sandar ƙofar ta saki ko sifirin ya mutu, matsi ba zai taru ba sam. Ana gwada ta da famfon hannu mai geji, a ga sandar ta motsa sumul kuma ta riƙe matsin. A motocin dizal da yawa abin a juye yake, zuƙa ce daga wani famfo na musamman take jan sandar, saboda haka tsagewar tiyo a can rashin ƙarfi take kawowa.

Akwai kuma bawul ɗin da ke mayar da iska bakin turbo idan an ɗaga ƙafa daga totur. Robar cikinsa tana yagewa da tsufa, sai iska ta riƙa zagayawa a banza, matsi ya gaza, amma gyaran mai bai canza sosai ba tunda iskar ba ta bar cikin tsarin ba. Ka zuƙe shi da famfon hannu, idan bai riƙe ba ya mutu. Wanda ya maye gurbinsa da irin mai fitar da iska waje saboda yana son ƙarar, a motar da ke da sensan auna iska, shi ya saya wa kansa yawan mai da mutuwar inji a duk canjin giya. Tiyon da ya fi kowanne haɗari kuwa shi ne mai zuwa abin daidaita matsin fetur a kan layin nozul, domin shi ke sa matsin mai ya hau tare da matsin turbo. Idan ya cire, mai zai gaza a daidai lokacin da inji ya fi bukatarsa, kuma haka fistin ke narkewa. Idan ka cire shi ka ga fetur a ciki, robar abin daidaitawar ta fashe.

Idan ka bi duk wannan ba ka sami rami ba, akwai masu kwaikwayon satar iska. Tsagewa a bututun hayaƙi kafin sensan oksijin tana jawo iskar waje ta ruɗe shi ya ce mai ya gaza, kuma za ka ji ƙarar tas-tas da safe ko ka ga baƙin tabo a wurin. Sensan auna iska ana wanke shi da ruwan da aka yi dominsa kawai, ba a taɓa siririyar wayarsa. Cire soket ɗinsa a ga mota ta gyaru ba hujja ba ce cewa ya mutu, domin kwamfuta tana komawa lissafin ƙiyasi ne, wanda ke ɓoye satar iska ma. Injin da ba ya yankewa sai an taka shi da ƙarfi yawanci fulogi ne da bakinsa ya buɗe ko kwayil da ya raunana, tunda matsi yana wahalar da tartsatsi. Ka musanya kwayil ɗin da na wani silinda ka ga ko lambar ta bi shi.

Bayan gyara, ka sa tiyo mai daidai faɗin na asali, kuma kada ka sa silikon zalla a hanyar baƙin mai ko tururin fetur, domin yana jiƙewa ya yi laushi. Idan tiyo ɗaya ya mutu da tsufa, sa'o'insa ma suna hanya, gara a canza su gaba ɗaya, amma ɗaya bayan ɗaya don kada hanyoyin su rikice. Kafin ka goge lamba, ka tayar da inji ka kalli STFT: idan gyaran ya yi, za ka ga ya faɗa ƙasa da sifiri sosai, yana ƙoƙarin soke tsohon ƙarin da LTFT ya riƙe. Sai ka goge, ka yi tafiye-tafiye na kwana biyu ko uku da suka haɗa da tashin sanyi, cunkoso da babban titi, sannan ka sake jona na'ura ka duba abu uku: jimlar gyaran mai a silo da a juyi 2,500, lambobin da ke jiran tabbaci, da ko kwamfuta ta kammala gwaje-gwajenta na ciki, domin kafin ta kammala su fitilar tana iya zama a kashe ko da matsalar tana nan.